Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kwamishinan Ilimin Firamare da Sakandare na Jihar Sakkwato

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa, muna roƙon ka dubi yadda ake sa ido kan aikin malaman sakandare. Tun 2015 da aka kafa dokar ta-ɓaci kan ilimi a jihar nan, gini da kujeru aka fi magana a kai. Abin da ke faruwa cikin minti 40 na darasi kuwa, ba kasafai ake leƙa shi ba.

Sau da yawa labarin zuwan jami'an duba makarantu yakan riga su isa. Malamai su kwana suna cike littafin shirin darasi na mako huɗu ko biyar, mataimakin shugaba ya sa hannu da kwanan wata na baya. Jami'ai su zauna a ofis, su duba rajistar zuwa aiki, su tafi kafin azahar. Takardu sun cika, alhali malamin lissafi yana mako na tara yana koyar da abin da manhaja ta sa a mako na huɗu. Sai lokacin jarrabawar WAEC da NECO asiri ya tonu.

Gyaran ba ya cin kuɗi da yawa. Jami'i ya zo ba sanarwa, ya ɗauki littattafan ɗalibai biyar da hannunsa, ba waɗanda aka zaɓo masa ba, ya gwada su da manhaja, ya ƙirga aikin da aka gyara da jan biro. Littafin yaro ba ya cikuwa a dare ɗaya. Sannan ya zauna bayan aji har a buga ƙararrawa, ya keɓe da malamin ya nuna masa abu biyu kawai da zai gyara, ya dawo cikin mako shida. Rahoton da ba a komo aka bi sawunsa ba, malamai sun san makomarsa durowa ce.

Amma mai duba na farko shi ne shugaban makaranta. A makaranta mai malamai 30, ganin kowa a aji sau biyu a zango darasi 60 ne, wato biyar a mako idan zangon mako 12 ne. Shugaba da mataimakinsa da shugabannin sassa za su iya. Matsalar, ana naɗa wasu don daɗewa a aiki ko don ɗan wane ne, ba horo. Wanda ya ƙware kuma, in ya kai ƙarar malami mai fashin aiki aka yi shiru, ko aka yi wa malamin canji zuwa cikin gari, sauran sun ɗauki darasi. A sa wa'adin wata ɗaya na amsa irin wannan takarda. Kuma kafin a zargi malamin kimiyyar haɗa sinadarai da aka ɗora wa lissafi, a tambayi wanda ya raba aikin.

Jihar nan ƙananan hukumomi 23 ce. Zuwa Gudu da Kebbe ba kamar zuwa unguwar Mabera ta cikin birnin Sakkwato ba ne, ga kuma halin tsaro a Isa da Sabon Birni. A ware wa jami'ai kuɗin mai da alawus daga ma'aikatar ilimi, don jami'in da makaranta ta biya wa kuɗin mota ba zai iya rubuta laifinta ba.

Allah ya taimake ka.

Daga wasu masu bibiyar harkar ilimi, Sakkwato