Hannun Jarin Naira Biyu Ba Shi Ne Mai Araha Ba

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana da 'yan'uwana Kanawa, musamman matasa da ƙananan 'yan kasuwa da suka fara sayen hannayen jari ta wayar hannu. Abin farin ciki ne, domin mun daɗe muna hangen wannan kasuwa daga nesa kamar ba tamu ba, alhali biyu daga cikin manyan masu kamfanonin da ke cikinta, Alhaji Aliko Dangote da Alhaji Abdussamad Isyaka Rabi'u, 'yan Kano ne. Abin da ke damuna shi ne yadda ake sayen. Za ka ji mutum a majalisa yana cewa ya samu mai araha, Naira biyu kacal, wani ya turo a WhatsApp cewa zai tashi. Ka tambaye shi me kamfanin yake sayarwa, nawa ya ci riba bara, nawa ake binsa, sai ya yi shiru. Cinikin biri a sama ke nan.

Mutumin nan kuwa ba zai taɓa yin haka a Dawanau ba. In zai sayi wake ya ajiye, sai ya soki buhu ya ga ƙwayar, ya duba danshi da tsakuwa, ya san tiya nawa ke ciki, ya lissafa kuɗin sito da na magani, sannan ya taya. Hannun jari ma haka yake, yanki ne na kamfani, mai shi yana da rabo a masana'antar da ribar da asarar. Benjamin Graham, wanda ya koyar a Jami'ar Columbia ta Amurka, shi ya tsara wannan hanya bayan durƙushewar kasuwarsu a 1929, ɗalibinsa Warren Buffett kuma ya shahara da ita: ka fara kimanta kamfanin, kada ka saya sai farashin kasuwa ya yi ƙasa da kimar sosai.

Ga misali da lissafi. A ce kamfani na farko hannun jarinsa Naira 2 ne, ribar da ta faɗo wa kowane hannun jari a shekara kwabo 5. Na biyu Naira 300 ne, ribar kowane hannun jari Naira 60. Raba farashi da riba. Na farko ya ba ka 40, wato sai ribar shekara 40 za ta mayar maka da uwar kuɗinka. Na biyu ya ba ka 5. Wannan lamba ita ce ake rubutawa P/E, kuma ta nuna na Naira 300 ya fi na Naira 2 araha har sau takwas. Wanda ya zuba Naira 60,000 a na farko ya samu guda 30,000 yana murna da yawansu, amma rabonsa a ribar Naira 1,500 ne. Da a na biyun ya zuba, guda 200 zai samu, rabonsa Naira 12,000.

Sai ka juya lissafin ka gwada shi da abin da ba shi da kasada. P/E 5 na nufin kamfani yana samar da kashi 20 cikin 100 na kuɗinka a shekara, P/E 40 kuwa kashi biyu da rabi. Sukuk, wato takardar zuba jari marar ruwa, na Gwamnatin Tarayya na farko, na 2017, ya biya kuɗin haya kashi 16.47 cikin 100 a shekara. A 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30. Kamfanin da ba zai iya ƙara farashin kayansa daidai da tsadar rayuwa ba tare da masu saye sun gudu ba, ribarsa raguwa take ko da lambobin Naira suna hawa a takarda.

Amma ribar shekara ɗaya ba ta isa hujja ba, kuma nan ne mutane suka fi faɗawa rami. Ka nemo rahotannin shekara biyar a jere. Kyauta suke a shafin intanet na NGX, wato kasuwar hannayen jari ta Najeriya, domin dokar kasuwar ta wajabta wa kamfani ya fitar da lissafin kowane wata uku, da na shekara wanda odita ya sa wa hannu. Ka duba daga ina ribar ta fito. In kamfani ya sayar da fili ko gini, ribar wannan shekara za ta kumbura, baɗi kuma babu filin da za a sake sayarwa. A 2023 da aka saki Naira ta faɗi, bankunan da ke riƙe da dala sun rubuta riba mai yawa wadda ba ta ciniki ba ce, har Babban Banki ya hana su raba ta ga masu hannun jari. Irin wannan riba a cire ta gefe kafin a yi lissafi.

Daga nan ka buɗe shafin da ke nuna kuɗin da suka shigo hannu daga ainihin sana'ar kamfanin. Duk ɗan Kantin Kwari ya san mai shagon da littafinsa ya cika da ciniki amma aljihunsa babu komai, saboda kayan duk bashi aka ɗauka. In riba tana hawa shekara uku, kuɗin hannu ba sa hawa, abin da ake bin 'yan sari kuma yana ƙaruwa fiye da ciniki, to ruwa ba ya tsami banza. Ni a ganina wannan shafi ya fi na ribar muhimmanci, don shi ya fi wuyar yi wa kwalliya.

Batun bashi kuwa, kada a tsaya kan yawansa, a duba da wane kuɗi aka ci shi. Faɗuwar Nairar da ta yi wa bankuna daɗi ita ta sa MTN Nigeria da Nestle Nigeria da Dangote Sugar suka bayyana asara a 2023, duk da ana sayen kayansu kullum. Cinikinsu da Naira ne, wani kaso na abin da ake binsu kuma da dala. A bayanan da ke ƙarshen rahoton shekara akwai wurin da kamfani ke faɗin nawa zai yi asara in Naira ta sake faɗuwa, kaɗan ne ke karanta shi. Ka kuma raba ribar sana'a da kuɗin ruwan da yake biya a shekara. In bai kai ninki uku ba, ƙaramin girgiza zai cinye rabon masu hannun jari.

Akwai kuma arahar da tarko ce. Kamfani yana iya zama ƙasa da darajar kadarorinsa a takarda don kadarorin sun ruɓe. Masu hannun jarin Afribank da Spring Bank da Bank PHB sun ga farashi ya faɗo, wasu suka ƙara saye, a watan Agustan 2011 aka ƙwace lasisin bankunan, jarinsu ya tafi. Haka aka yi da Skye Bank a 2018. In kamfani ya rushe, sai an biya duk masu bin bashi kafin a waiwayi mai hannun jari. Don haka kamfanin da ke jinkirin fitar da lissafinsa, ko odita ya rubuta shakku kan ɗorewarsa, ko yake yawan ciniki da wasu kamfanonin shugabansa, a bar shi komai araharsa.

A duba adadin hannayen jarin ma. Tun da Babban Banki ya umarci bankuna a watan Maris na 2024 su ƙara jari, har Naira biliyan 500 ga masu lasisin ƙasa da ƙasa, an fitar da sababbin hannayen jari masu yawa. Riba ɗaya in aka raba wa hannu da yawa, rabon kowa raguwa yake, shi ya sa ribar kowane hannun jari ake bi, ba jimillar da ake bugawa a kanun labarai ba. Sannan wasu kamfanonin kusan duk jarin yana hannun mutum ɗaya, abin da ke yawo a kasuwa kaɗan ne. Farashi ba ya hawa ko sauka fiye da kashi 10 cikin 100 a rana, to ranar da mummunan labari ya fito masu sayarwa kan yi layi babu mai saye, kana kallo yana zubewa kullum ba ka iya fita.

In kamfani ya tsallake duk wannan, kar ka saya a kan kimar da ka yi masa. In lissafinka ya ba ka Naira 100, jira ya sauko 65 ko 70. Wannan rata ita ce za ta rufa maka asiri in ka yi kuskure, kuma kowa yana yi. Kamfani takwas zuwa goma a sana'o'i daban daban sun ishi mutum ɗaya, fiye da haka ba zai iya karanta rahotanninsu ba. Kuɗin da za a buƙata kafin shekara uku, na haya ko makaranta ko aure, ba na wannan kasuwa ba ne. Bashi kuwa kada a kusance shi. A watan Maris na 2008 ma'aunin da ke nuna hawa da saukar farashin kasuwar baki ɗaya ya haura maki 66,000, kafin ƙarshen 2009 ya dawo wajen 21,000. Waɗanda suka saya da kuɗinsu a kamfanoni nagari sun iya jira. Waɗanda bankuna suka ranta wa kuɗin saye, an sayar da jarinsu a ƙasa kuma aka ci gaba da binsu.

Mafi yawanmu za su tambayi halacci, kuma daidai ne. Ana fara cire kamfanonin giya da taba da caca da bankunan ruwa da inshorar da ba ta Musulunci ba. Ma'aunin AAOIFI, hukumar da ke tsara ƙa'idojin hada-hadar kuɗi ta Musulunci, ya ƙara da cewa bashin ruwa kada ya wuce kashi 30 cikin 100 na darajar kamfani a kasuwa, kuɗin shiga marar tsarki kada ya wuce kashi 5, shi ma a fitar da gwargwadonsa daga ribar a bayar. Tun 2012 akwai jerin NGX Lotus Islamic da ake tacewa a kan irin wannan tsari, bankin Jaiz ma yana kasuwar tun 2017. Sai dai shiga jerin bai nuna farashin ya yi daidai ba, lissafin nan dai sai an yi shi. Zakka kuma a tuntuɓi malamai, don hukuncin wanda ya saya don juyawa ya bambanta da na wanda ya ajiye don cin riba.

Wajen saye, a tabbatar dillalin yana cikin jerin masu rajista a shafin SEC, hukumar da ke sa ido kan kasuwar hannayen jari. Zai nemi BVN da katin shaida da hoto da shaidar adireshi, ya buɗe maka asusu a CSCS, ma'ajiyar hannayen jari ta kasuwar, a ba ka lambar shaidarka da ake kira CHN. A nan jarinka yake da sunanka, ba a aljihun dillali ba. Wanda ya ce ka tura kuɗi asusunsa zai ba ka kashi kaza kowane wata, ka tuna da MMM a 2016 da CBEX a 2025, da suka rushe da kuɗin jama'a. La'adar dillali da kuɗin hukumomi da haraji, shiga da fita, suna iya cin kusan kashi 4 cikin 100, mai saye da sayarwa kowane mako dillali yake yi wa aiki. Ribar da ake rabawa ana cire mata harajin kashi 10, in an ce Naira 30 to 27 ce za ta shigo. Kuma da zarar an rufe rajistar waɗanda za a biya ribar ana rage farashin daidai da ita, saboda haka sayen ana gobe rufewa ba dabara ba ce. A cike fom ɗin biyan riba kai tsaye ta banki, da suna iri ɗaya da na BVN, a kuma sanar da iyali, domin gidaje da yawa a birnin nan suna da takardun hannun jarin iyayensu a akwati, ribar tana can ba wanda ya karɓa.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne jaridar nan ta ware ɗan fili kowane mako ta riƙa buga farashin kamfanoni ko da ashirin ne, a gefen kowanne a sa ribar hannun jari ɗaya, da abin da ya raba bara, da bashin da ake binsa, cikin Hausa, yadda ake kawo mana farashin masara da gero.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Fagge, Kano.