An manta da Claudette Colvin

Edita,

Assalamu alaikum. Na ji daɗin sharhinku kan Rosa Parks, baƙar fatar nan 'yar Amurka da aka kama saboda ta ƙi tashi ta ba wani bature kujera a bas, sai dai kun bar wata yarinya a baya. Ranar 2 ga Maris, 1955, wata tara kafin a kama Parks, 'yan sandan Montgomery a jihar Alabama suka fizgo Claudette Colvin daga cikin bas, saboda ta ƙi tashi ta ba wata baturiya kujera. Shekarunta 15 kacal, daga makaranta take. Shugabannin baƙar fata suka ga ba ita ta dace ta zama fuskar gwagwarmayar yaƙi da wariyar launin fata ba, abin da har yau bai kwanta mini ba. Amma tana cikin mata huɗun da ƙararsu ta sa kotu ta haramta wariya a bas a 1956.

Naku,
Wani malamin tarihi, Zariya