Wasiƙar Godiya ga Masu Kula da Hanyar Katy a Jihar Missouri

Zuwa ga Darakta da dukkan ma'aikatan Missouri State Parks, hukumar kula da wuraren shaƙatawa ta jihar,
Ma'aikatar Albarkatun Ƙasa ta Jihar Missouri,
Jefferson City, Amurka.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, na rubuto wannan wasiƙa ne domin in gode muku a bainar jama'a bisa yadda kuke riƙe da hanyar kekuna ta Katy, wadda na bi a kan kekena a kakar da ta wuce, daga St. Charles har zuwa Clinton. Na rubuta ta da Hausa ne domin 'yan'uwana mazauna wannan ƙasa da waɗanda ke gida su san cewa akwai ofishin gwamnati da aka damƙa wa amanar hanya mai tsawon mil 240, wato kimanin kilomita 386, ya kuma riƙe ta fiye da shekara talatin ba tare da ya karɓi ko sisi daga hannun mai wucewa ba.

Wannan hanya tsohon layin dogo ne na kamfanin jiragen ƙasa na Missouri-Kansas-Texas, wanda ambaliyar watan Oktoba na 1986 ta lalata, har kamfanin ya daina bin sa tsakanin Machens da Sedalia. Da an bi abin da aka saba, da an tsinke layin gunduwa-gunduwa an raba wa masu gonakin da ke gefensa, amma sai jihar ta yi amfani da gyaran dokar tarayya na 1983, wanda ya ba da damar a ajiye layin da aka daina amfani da shi a matsayin hanyar jama'a, da sharaɗin cewa jirgi zai iya dawowa idan buƙata ta taso. Wani attajiri, marigayi Ted Jones, da maiɗakinsa Pat sun ba da kyautar dala miliyan 2.2 domin a sayi layin a kuma fara aiki, aka buɗe kashi na farko a Rocheport a 1990, shekarar da shi Ted ɗin ya rasu. Manoma da dama sun ƙi abin a lokacin har sun garzaya kotu, kuma a ganina ba su yi laifi ba, domin babu wanda zai so a wayi gari baƙi suna ratsa bayan gidansa ba tare da ya san irin halinsu ba.

Sai dai abin da ya sa na ɗauki alƙalami ba kyautar attajiri ba ce, domin ita an daɗe ana yabonta. Godiyata ta fi karkata ga aikin yau da gobe da ke hana hanyar mutuwa. Duk wanda ya bi ta ya san cewa fiye da rabinta a cikin fadamar Kogin Missouri take, tsakanin ruwa da dogayen duwatsu, kuma kogin ba ya neman izini kafin ya tumbatsa. Ambaliyar 1993 ta ɓata dogon zango na hanyar tun ba a gama ta ba, aka koma aka sake shimfiɗawa, har aka kammala tsakanin St. Charles da Sedalia a 1996, aka kai Clinton a 1999, aka haɗa da Machens a 2011. Ruwa ya sake hawa kanta a 2019, ma'aikatanku suka sake kwashe laka da yashi, suka cike wuraren da suka zaftare. A kusa da Steedman akwai wani dutse da ke tsaye shi kaɗai a bakin hanya, wanda aka yi wa alamun inda ruwa ya kai a ambaliyoyin baya, kuma duk wanda ya tsaya ya ɗaga kai ya dubi alamun nan zai gane cewa santsin da tayarsa ke ji ba banza ya samu ba.

Na ga wannan aiki da idona. Bayan wata iska mai ƙarfi da aka yi da dare, na fito da sassafe ina zaton zan yi ta ɗaga keke ina tsallake rassa, sai na tarar da ma'aikatanku biyu sun riga ni, suna yanka wata bishiya da ta faɗo ta tare hanya, suna jan guntayen zuwa gefe. Ɗayansu ya kashe injin zartonsa har na wuce, sannan ya sanar da ni cewa zangon da ke gabana ba shi da famfo, don haka in cika gorunana tun daga garin da ke kusa. Ban tambayi sunansa ba, shi ma bai tambayi nawa ba, amma shawararsa ta raba ni da ƙishirwa a ranar da rana ta yi zafi fiye da yadda aka saba a wannan lokaci.

Shimfiɗar hanyar kanta abin yabo ce. Niƙaƙƙen farin dutse ne aka zuba aka daddanne, ba kwalta ba, kuma idan ya bushe keke na gudu a kansa ba tare da wahala ba, ko da yake yakan yi taushi bayan ruwan sama, sannan ƙurarsa takan cika sarƙar keke har sai an goge an sa mai. Da yake jirgin ƙasa ba ya son hawa mai tsanani, hanyar kusan a miƙe take, shi ya sa na haɗu da dattawa da mata masu jan yara a ƙananan amalanke a bayan kekunansu, kowa yana tafiya gwargwadon ƙarfinsa, babu mota babu babur. Zangunan nan 26 da kuka tanada, kusan kowanne da rumfa da benci da allon taswira da tarihin garin, sun tuna mini da zangon fatake, inda matafiyi ke sauke kaya ya huta ya ji labarin abin da ke gaba. A inuwar rumfunan na yi sallolina, kuma ban gamu da wanda ya dube ni da wani ido ba. Na kuma ji daɗin yadda kuka bar lissafin mil na tsohon layin yadda yake, har St. Charles take kan mil 39 da rabi maimakon sifiri.

Ƙananan garuruwan da ke kan hanyar su ne suka fi ba ni sha'awa, domin da yawansu jirgi ne ya raya su, da ya tafi kuma suka fara bushewa. A Marthasville da Mokane da Hartsburg da Pilot Grove mutum zai ga rumbunan hatsi a tsaye a bakin tsohon layi, gonakin masara da waken soya sun kewaye su, ga kuma ɗan shagon abinci ko gidan saukar baƙi wanda a fili yake cewa masu keke na cikin manyan abokan cinikinsa. A Tebbetts, ƙauyen da ba shi da yawan jama'a, akwai masauki mai gadaje da aka tanada domin matafiya a kan kuɗi kaɗan. Yankin Augusta da Hermann kuwa na jikokin Jamusawa ne da suka zo tun shekarun 1830, kuma an san shi da gonakin inabi da giya. Musulmi zai wuce wuraren shan, kuma ya kyautu ya riƙa tambayar abin da ke cikin abinci domin naman alade ya yawaita, amma burodinsu da tuffa na lokacin kaka sun ishe ni guzuri. Mutanen garuruwan nan, waɗanda wataƙila iyayen wasunsu na cikin masu adawa da hanyar a farko, su ne suka riƙa ɗaga mini hannu daga kan tarakta.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tsakanin McBaine da Rocheport, inda kogi ke hannun hagu ga mai tafiya yamma, duwatsu kuma suka miƙe a dama kamar za su rufto. Ta wannan kogi ne ayarin Lewis da Clark, masu binciken ƙasa na Amurka, ya bi bayan ya tashi daga St. Charles a watan Mayu na 1804, kuma allunan da kuka kafa suna nuna wuraren da suka yada zango. A ƙarshen garin Rocheport akwai ramin da aka huda cikin dutse a 1893, mai tsawon ƙafa 243, wanda har yanzu baƙin hayaƙin jirage yake manne a rufinsa. Daga Boonville hanyar takan haye kogi ta rabu da shi, ta fara hawa a hankali zuwa Sedalia, inda tsohuwar tashar jirgi ta 1896 ke tsaye an gyara ta tsaf, sannan ta ratsa filayen ciyawa ta Green Ridge da Windsor har Clinton. A wannan ɓangare inuwa ta yi ƙaranci, iska kuma tana bugun ƙirji, amma shimfiɗar ba ta canza ba, kulawar da aka yi wa wuraren da 'yan yawon buɗe ido ke cika ita aka yi wa inda mutum zai yi sa'a guda bai ga kowa ba.

Na san cewa babban kaso na kuɗin wannan aiki yana fitowa ne daga ɗan harajin sayayya na kashi ɗaya cikin dubu da al'ummar jihar suka amince da shi a 1984, ake raba shi biyu tsakanin wuraren shaƙatawa da kare ƙasar noma da ruwa, kuma suka sake sabunta shi a 2016 da rinjayen kusan kashi 80 cikin ɗari. A matsayina na mai biyan wannan haraji a duk lokacin da na shiga kanti, ina shaida cewa na ga inda kuɗina ya tafi.

Ina roƙon Darakta da ya isar da wannan godiya ga masu tuƙa gireda da tifa, da masu yankan ciyawa, da masu wanke bayan gida a zanguna, da jami'an sintiri, musamman mutum biyun nan da na tarar suna sare bishiya da sassafe. Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara muku lafiya da ƙarfin aiki.

Naku cikin girmamawa,
Wani Bahaushe mai hawan keke,
mazaunin birnin St. Louis.