Injin da ke ciyar da gidana shi ke cinye min kunne

Assalamu alaikum Hajiya. Ya aiki, ya zafi? Allah ya saka miki da alheri bisa wannan fili. Ina roƙon a sakaya sunana.

Ni magidanci ne, shekarata 47, da mata ɗaya da ƴaƴa 7, muna zaune a unguwar Zariya nan Maradi. Sana'ata injin niƙa. Tun 2004 nake tsaye a bakinsa, cikin ɗan shago mai rufin kwano, ba taga sai ƙofa. Hatsi, dawa, masara, ga markaɗen waken masu ƙosai tun da asuba. In azumi ya kama kuwa sai mu kai goman dare ba mu kashe ba. Wanda ya san injin gazuwal ya san in ya tashi, ko wanda ke gabanka da hannu kuke magana: yatsa biyu, tiya biyu ke nan.

Abin ya faro kamar shekara 6 da suka wuce. In na kashe inji da yamma sai in ji wani siririn kuka a kunnen hagu, kamar gyare ya shige ciki, kafin gari ya waye ya tafi. Tsohuwata ta ce ai zancena ake yi wani wuri. To, masu zancen nan yanzu ba su hutawa, dare da rana, kuma kunne biyu.

Jin ma ya ragu. Ina jin ana magana, gane ta ce ba na yi. Muryar namiji mai kauri ina kama ta, amma ta mata da yara sai ta zo min kamar daga cikin tulu. A wurin biki ko suna in kowa ya yi dariya ni ma sai in yi. A masallaci na koma kallon na kusa da ni don kar in rasa ruku'u. Kwanan baya autana ɗan shekara 5 ya ja min riga yana faɗa min wani abu, sau uku ina cewa "me?" Sai ya saki rigar ya ce "bar shi, Baba," ya tafi wurin uwarsa. Har yau ban san me yake so ba. Ita kuwa uwargida cewa take abin da na ga dama shi nake ji, har mun yi kwana biyu ba mu shiri a kan haka.

Ba abin da ban ɗiga ba: man zaitun, ruwan albasa, har wani ya ce iska ce a yi min hayaƙi. A ƙarshe na je wurin likitan kunne, wanda ake ce wa ORL. Ya haska ya ce dodon kunnena lafiya lau, ba datti, ya kuma yi min faɗa kan ɗige-ɗigen nan. Aka sa min abin sauraro a kai, in na ji ƙara in ɗaga hannu. Da aka zo kan sirara, hannuna yana kan cinya. Ya tambaye ni ko na taɓa yin sanƙarau, ko ina shan kinin don masassarar cizon sauro, don su ma suna taɓa kunne. Na ce a'a. Ya ce to inji ne. Wai can ciki akwai wani abu mai kama da katantanwa, da ƴan gashi ƙanana waɗanda su ke kama sauti, ƙara mai yawa tana kashe su, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Ya ce ƙarar da ta kai desibel 85 a ma'aunin ƙarfin sauti, awa 8 ce iyakarta a yini, ni kuwa nawa injin ya wuce nan, awannin ma sun wuce. Babu ƙwayar da za ta ɗauke kukan, sai dai in kwana da fanka ko rediyo ƙasa-ƙasa don ya rage damuna. Na'urar ƙara ji za ta taimaka, amma da na ji kuɗinta, ga batir kullum, sai na yi shiru. Ya ba ni wasu ƴan soso na toshe kunne, ya ce auduga ba ta tare komai, in kuma da hali in bar injin gaba ɗaya.

Hajiya, ga abin da ban iya faɗa wa likita ba. Duk duniya ba inda nake samun sauƙin kukan nan sai a bakin inji. In ya tashi, gyaren sai ya ɓace, in ji ni mutum kamar kowa. In na sa soson kuwa kukan ne ke cika min kai, rabin awa na cire na jefa aljihu. Shiru nake tsoro. Ranar da aka ɗauke wuta fanka ta tsaya, sai in fito ƙofar gida in zauna har ƙarfe uku, ina jiran asuba in je in tada abin da aka ce shi ke kurmantar da ni.

Babban ɗana shekararsa 17, yana makaranta, ya ce in huta shi ya karɓa. Yaron kirki ne, kuma ya iya. Amma in na miƙa masa inji, ai har da ciwon na ba shi gado. In na sayar kuma me zan kama? Ciniki a babbar kasuwa da kunne ake yin sa, wanda aka ce masa dala ashirin ya ji dala tamanin ba ya daɗewa a rumfa.

Har yanzu takardar gwajin tana cikin aljihun babbar rigata, ban nuna wa uwargida ba. Ina gudun kalmar nan ta kurma, don na ga yadda yara ke bin masu ita da tsokana a unguwa. Shin in zaunar da ita in gaya mata, kuma ta ina zan fara, bayan duk faɗan da muka sha? Yaron nan in bar shi ya shiga shagon da soso a kunne, ko in hana shi ko da za mu rage tukunya? In kuma cikin masu sauraro akwai wanda ya yi shekaru da irin wannan kuka, ina so in ji yadda yake samun barci.

In za ki amsa a rediyo, don Allah ki ɗan ja maganar sannu-sannu, zan kara shi a kunnen dama.

Wassalam,
Mai injin niƙa, Maradi