Kafin A Nemi Ƙarin Tsananin Hukunci, A Duba Masu Jiran Shari'a

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in sa baki a muhawarar da ta ƙi ƙarewa a shafinku na ra'ayin masu karatu, da ma majalisun shayi daga Tudun Wada har Samaru a nan Zariya, kan hukuncin da ya dace da masu ƙwacen waya da 'yan sara-suka. Yawancin masu magana bakinsu ɗaya: a tsananta, a rataye, a harbe a bainar jama'a kamar zamanin soja. Ban ga laifinsu ba. Wanda aka sara wa ɗa saboda waya ba a ce masa ya tausasa harshe. Sai dai maganar ta kauce wa inda ciwon yake, kuma muddin ba a taɓa wurin ba, ko wace irin doka majalisa ta ƙara rubutawa, ɓarawo ba zai ji tsoro ba.

Dokokinmu ba su rasa tsanani ba. Wanda ya zare wa mutum wuƙa ya karɓe masa waya, a idon dokar fashi da makami ta tarayya ɗan fashi ne, hukuncinsa kisa. Ko babu makami, in dai da ƙarfi ya ƙwata, ɗaurin ba ya gaza shekara 21. A watan Satumban 2020 Gwamna Nasir El-Rufai ya sa hannu a gyaran dokar Jihar Kaduna da ta tanadi dandaka da kisa ga wanda ya yi wa yarinya 'yar ƙasa da shekara 14 fyaɗe. A faɗin ƙasar nan akwai mutum sama da 3,000 da kotuna suka yanke wa hukuncin kisa, suna zaune suna jira, domin gwamnoni ba sa son sa hannu. Rabon da a ji an zartar tun na Jihar Edo a 2016. To me ya rage a ƙara? Abin da ke hana mai laifi sakat shi ne ya tabbata za a kama shi, a yi masa shari'a da wuri, a yanke. Nan ne muka gaza.

Alƙaluman da hukumar gidajen gyaran hali da kanta take fitarwa suna nuna cewa kusan biyu cikin kowane uku na mutanen da ke tsare a Nijeriya ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi. Gidan yarin Zariya da ke Ƙofar Doka bai fita daga wannan hali ba. A cikin masu jiran nan akwai mai laifin gaske da ya kamata tuni ya san makomarsa, akwai kuma wanda aka kwaso a samame yana kan hanyar komawa gida daga kallon ƙwallo. Dukansu suna ɗaki ɗaya, kuma sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce kowannensu marar laifi ne har sai kotu ta tabbatar.

Ga yadda mutum ke maƙalewa. Sashe na 35 ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ke da hurumi a tazarar da ba ta wuce kilomita 40 ba, in babu, kwana biyu. Babu wani caji ofis a Zariya ko Sabon Gari da ya yi wa kotu irin wannan nisa. Amma a kama yaro ranar Juma'a da yamma, sai ya kwana uku a bayan kanta kafin a ce uffan, iyaye kuwa suna ta faɗi-tashin neman kuɗin beli alhali a jikin bangon ofishin an rubuta cewa beli kyauta ne. Doka ta hana kama uba ko mata a madadin wanda ake nema, ta hana tsare mutum saboda bashi ko cinikin da ya lalace, dokar hana azabtarwa ta 2017 kuma ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 25 ga jami'in da ya gana wa wanda ake tuhuma azaba don ya amsa laifi. Jama'a da yawa ba su san da waɗannan ba, don haka ba sa tambaya. Ikirarin da aka karɓa da duka kuwa shi ne ke kashe ƙara daga baya: lauyan wanda ake tuhuma zai ce tilasta shi aka yi, sai a tsayar da ainihin shari'ar a buɗe wata ƙarama don a gano yadda aka ɗauki bayanin, watanni su shuɗe, ƙarshe a yi watsi da takardar. Ta haka mai laifin gaske yake kuɓuta.

Babban ramin yana gaba. Laifin da hukuncinsa kisa ne, kamar fashi da makami ko kisan kai, Babbar Kotu kaɗai ke da ikon saurarensa. Amma 'yan sanda gaban majistare suke fara kai mutum, shi kuwa ba shi da hurumin yin shari'ar, ba kasafai yake iya ba da beli ba, abin da ya rage masa shi ne ya ce a kai shi gidan yari a ajiye har ma'aikatar shari'a ta ba da shawara. Daga nan fayil zai bar ofishin da aka yi kamun zuwa sashen binciken manyan laifuka a Kaduna, a yi kwafinsa, a aika wa daraktan gabatar da ƙararraki, lauyan gwamnati ya karanta ya rubuta ko akwai hujjar tuhuma ko babu, sannan a shigar da ƙara a Babbar Kotu, kamar wadda ke Dogarawa. A kowane mataki fayil na iya kwanciya. Ɗan sandan da ya yi binciken an yi masa canjin wurin aiki. Babu kuɗin yin kwafi. An aika fayil babu rahoton likita, an dawo da shi. Wani lokaci shawarar ta fito tun tuni cewa a sallami mutumin, amma takardar ba ta iso kotun majistaren ba, shi kuwa yana nan a tsare ba wanda ya sanar da shi. Sharaɗin tsarin mulki na cewa a saki wanda ya yi wata biyu a tsare ba a fara shari'arsa ba bai shafi wanda ake tuhuma da laifin da hukuncinsa kisa ne ba, saboda haka kalmar "makami" guda ɗaya a takardar ƙara ta isa ta cinye wa mutum shekaru.

An yi dokar da za ta toshe wannan rami. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, wadda Jihar Kaduna ta yi tata a kan tsarinta a 2017, ta ce umarnin ajiye mutum ba zai wuce kwana 14 a karon farko ba, kuma duk sabuntawa sai an kawo dalili, idan aka ƙure wa'adi babu tuhuma a sallame shi. Ta ba ma'aikatar shari'a kwana 14 ta fitar da shawara bayan fayil ya iso ta. Ta ce majistare ya riƙa ziyartar ofisoshin 'yan sandan yankinsa duk wata yana duba littafin kamu da waɗanda ke tsare. Ta taƙaita ɗage shari'a zuwa sau biyar ga kowane ɓangare. Da ana bin rabin wannan, da ɗakunan masu jira sun yi sauƙi. Abin da ake gani a kotu shi ne a kira ƙara, mai gabatar da ƙara ya miƙe ya ce har yanzu ana jiran shawara, a sa wata rana, ba a kai minti biyu ba an wuce.

Ko a ƙananan laifuka da ake ba da beli, sharuɗɗan sukan zama ɗauri a fakaice. A ce wa ɗan acaɓa ko mai tura ruwa ya kawo ma'aikacin gwamnati mai mataki na 12 ko sama, ko mai takardar mallakar fili a cikin gari, ina zai samo shi? Wannan ne ya haifar da masu sana'ar tsaya wa mutane a bakin kotuna, a biya su su sa hannu, ranar da aka neme su a rasa. Mai unguwa ko limami ko faston da ya san gidan su yaro ya fi irin waɗannan amfani nesa ba kusa ba. Kuma a sani, doka ta yarda mace ta tsaya wa mutum beli. Uwa ko mata ko yaya duk suna iya sa hannu, kada wani ya kore su da cewa sai namiji.

Mu ma jama'a da namu laifin. Mai waya da zarar wayarsa ta dawo hannu sai ya daina zuwa kotu, maƙwabtan da suka ga abin da idonsu kowa ya ce ba ya son shiga maganar hukuma. Alƙali ba ya yanke hukunci da labarin majalisa. In babu shaida dole ya kori ƙarar, yaron ya dawo unguwa, sai a ce an ci hanci. Wani lokacin an ci ɗin, amma sau da yawa shaidu ne suka gudu. Suna da uzurinsu: mutum ya rufe shagonsa a Kasuwar Sabon Gari ya biya kuɗin mota, ya wuni a kan benci, a ce motar gidan yari ba ta kawo wanda ake tuhuma ba don babu mai. In aka yi masa haka sau uku ba zai sake zuwa ba. Kuɗin motar shaidu da man motar kai fursunoni kotu ƙananan kuɗi ne a kasafin jiha, amma rashinsu ya kashe ƙararraki masu yawa. Daga wannan yanke ƙaunar ne ake samun taron da ke dukan wanda aka yi wa ihun ɓarawo har lahira, wanda shi ma kisan kai ne a doka, kuma ba sau ɗaya ba ya faɗa kan wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

A duba abin da zaman jiran yake haifarwa. Kuɗin abincin ɗan kurkuku a rana naira 750 ne a da, sai a 2024 aka mayar da shi 1,125, na safe da rana da dare, kuma a ciki ɗan kwangila zai cire ribarsa. Duk wanda ya san farashin mudun masara da wake ya san irin tuwon da wannan kuɗi zai tuƙa. Wanda danginsa ke kusa su ke ciyar da shi, wanda ba shi da kowa sai ya koma yi wa manyan ɗaki hidima don ya samu loma. Yaron da ya shiga saboda satar kaza a nan yake samun iyayen gida, ya fito da lambobin waya da dabarun da bai shiga da su ba. Cunkoso kuma yana yaɗa ƙazuwa da tarin fuka, waɗanda ba sa tsayawa a cikin katanga.

Dokar hukumar gyaran hali ta 2019 ta buɗe wata hanya, wato hukuncin da ba na ɗauri ba: aikin al'umma, sa ido a kan mai laifi yana gidansa, da sulhu tare da biyan diyya ga wanda aka cuta. Bai shafi laifin makami ko na fyaɗe ba. Wanda ya saci buhun masara, a sa shi ya biya mai shi, ya yi wata uku yana yashe magudanun ruwan unguwarsu kowa na ganinsa, jami'i na rubuta zuwansa kullum. Mai masara ya samu hakkinsa, gwamnati ta huta da ciyarwa, kunyar kuma ta fi ɗauri tasiri ga mai sauran mutunci. Abin da ke kawo cikas shi ne ƙarancin jami'an sa ido, shi ya sa alƙalai suke ɗari-ɗari da shi. Tun gyaran tsarin mulki na 2023 jihohi sun samu ikon shiga harkar gidajen gyaran hali, don haka 'yan majalisarmu na Zariya da Sabon Gari ba su da sauran uzurin cewa abin na tarayya ne. Su ne ya kamata a tsare da tambaya a kan kasafin ma'aikatar shari'a, da yawan lauyoyin gwamnati, musamman da yake wasu 'yan siyasar su ne ke ɗaukar yaran nan aiki lokacin zaɓe, su kuma bugo waya a sake su idan an kama.

Malaman addini ma suna da abin yi wanda ya wuce huɗuba a kan lalacewar tarbiyya. A fiƙihun Musulunci ana kawar da haddi idan akwai shubuha, kuma masu bashi suna cikin mutum takwas da ake ba zakka. 'Yan'uwanmu Kirista na Wusasa da sauran majami'u sun san cewa a Matiyu sura 25 ziyarar wanda ke kurkuku tana cikin ayyukan da Almasihu ya lissafa tare da ciyar da mayunwaci. Akwai mutanen da kotu ta ba zaɓin tara ta 'yan dubbai, suka rasa, suke zaman watanni. A ƙarshen 2023 ma'aikatar cikin gida ta tara naira miliyan 585 daga masu taimako ta fitar da mutum 4,068 irin waɗannan. Kwamitin masallaci ko na coci na iya yin irinsa daidai ƙarfinsa: a je ofishin walwala na gidan yari a nemi sunayen masu zaɓin tara, a tantance laifin, a biya a asusun kotun da ta yi hukuncin a karɓi rasit, a tabbatar takardar saki ta isa hannun gandirobobi. Kada a damƙa wa wani kuɗi a hannu. In akwai diyyar da aka ce a biya wanda aka cuta, ita ma sai an biya, in ba haka ba ba za a sake shi ba.

Iyalan da ke da ɗan'uwa a tsare su riƙe lambar ƙara, da sunan kotu, da ranar da aka fara tsare shi, da ranar zama na gaba, domin da waɗannan ne lauya zai iya bin sawun fayil. Hukumar ba da tallafin lauya kyauta, wadda aka kafa tun 1976, aikinta ke nan, haka ma reshen ƙungiyar lauyoyi na Zariya da ɗaliban shari'a na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kongo suna taimakawa. Babban Jojin Jiha yana da ikon sakin wanda zaman jiransa ya wuce ɗaurin da za a yi masa ko da an same shi da laifi, amma sai sunan mutum ya shiga jerin da za a gabatar masa ranar ziyara.

Roƙona gare ka, ya Edita, ka tura wakilinku ya nemi adadin masu jiran shari'a a Ƙofar Doka, da tsawon zaman da kowanne ya yi, da yawan fayilolin da ke jiran shawara a ma'aikatar shari'a, ku riƙa bugawa duk bayan wata uku tare da amsar kwamishinan shari'a.

Naka mai karatu,
daga Tudun Wada, Zariya.