Zuwa ga Ɗana, Kan Karatun Dare

Ɗana Sadiku,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Mahaifiyarka ta ce jarrabawa ta matso, har kun fara kwana a aji kuna karatu sai asuba. Ka daina.

Abin da ka karanta da rana ba ya zama a kai nan take. Akwai ɗan sashe a ƙwaƙwalwa, hifokamfos, da ke riƙe shi na ɗan lokaci, kamar rubutun allo kafin a wanke. Sai ka yi barci mai nauyi yake bitarsa, yana miƙa shi ga ɓawon ƙwaƙwalwa inda ajiya ke daɗewa. Tun 1924 wasu masu bincike biyu, Jenkins da Dallenbach, suka gwada tasirin barci a kan hadda a Jami'ar Cornell ta Amurka. Ɗalibin da ya yi hadda ya kwanta ya fi tuna abin da ya haddace a kan lokacin da ya yi haddar ya ci gaba da harkokinsa.

Barci zagaye-zagaye yake, kowanne kamar minti 90. Mai nauyi ya fi yawa a farkon kwanciya, na mafarki kuma gab da asuba. Wanda ya kwanta ƙarfe biyu ya tashi biyar, zagaye biyu kacal ya samu cikin huɗu ko biyar da jikinsa ke nema. Washegari kuma allon bai wanku ba, sabon karatu ba ya shiga.

Mai shekarunka yana buƙatar awa bakwai zuwa tara. Tunda biyar kake tashi salla, ƙarfe goma ta same ka a shimfiɗa. Kafin nan ka rufe littafi na minti ashirin, ka faɗo abin da ka koya da ka. Bayan sallar asuba ka sake, yadda mahaddata ke tilawa. Inda ka kakare, nan ne aikin ranar.

Ƙailula bayan azahar, minti ashirin zuwa talatin. In ta zarce haka za ka tashi kai ya yi nauyi, in kuma bayan la'asar ce ta ci maka barcin dare.

Goro, Nescafe da lemon ƙarin kuzari duk akwai kafeyin, sinadarin da ke hana barci, a ciki, rabinsa yana nan a jini bayan kusan awa biyar. Ka tsaya da su daga azahar. Wayar nan kuma, na san halinka da ita, ka sa ta caji nesa da gado.

Ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya ba da sa'a.

Mahaifinka