Rahoton Ayyukan Shekara: Ƙungiyar Masu Son Tsofaffin Fina-finan Ban Tsoro

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Taron wata-wata ya gudana yadda aka saba, in ban da na watan azumi da muka ɗage.

Abin alfaharinmu bana shi ne daren da muka haska Nosferatu, fim ɗin da F. W. Murnau ya shirya a Jamus a 1922. Da majigin aro muka yi, da farin zanin gado a jikin bango. Tunda fim ne marar magana, ɗaya daga cikin matasanmu ya tsaya a gefe yana karanta rubutun da ke fitowa yana mayar da shi Hausa, kamar yadda ake wa fina-finan Indiya. Da farko baƙi sun yi ta dariyar kunnuwa da haƙoran Max Schreck, ɗan wasan da ya fito a matsayin dodo mai shan jini. Amma da inuwarsa ta fara hawa matakala, dogayen farata a gaba, sai wurin ya yi tsit. Na ga wani dattijo ya ajiye kofin shayinsa a ƙasa, bai sake waiwayarsa ba har aka tashi. Ba jini, ba ihu, inuwa ce kawai da fitila.

Bayan an kunna wuta muka yi ta tattaunawa har dare ya raba. Da yawa ba su san cewa wannan fim ne ya kawo batun hasken rana na hallaka mai shan jini ba. A littafin Dracula na Bram Stoker, wanda daga shi aka ɗauko labarin fim ɗin ba da izini ba, ƙarfinsa kawai rana ke ragewa. Sun kuma yi mamakin jin cewa matar Stoker ta kai ƙara, kotu ta ce a lalata kwafin fim ɗin a 1925, amma wasu kwafin suka tsira. Wannan fim ne Werner Herzog ya sake yi a 1979, Robert Eggers kuma a 2024.

Na ji ana tambayar ina aka kwana kan fassarar fim ɗin The Cabinet of Dr. Caligari na 1920. An fara, an yi nisa, amma mutum biyu ne kacal ke aikin, kuma kowa na da iyali. Haka shirin haska Dracula da Frankenstein na 1931 a dare ɗaya bai yiwu ba, domin mai majigi ya karɓi abinsa, asusunmu kuma ko man janareta na dare biyu ba zai saya ba. Kwamiti bai yi sakaci ba.

Gaskiya na gaji da bin mutane kuɗin wata. Akwai waɗanda rabonsu da biya tun kafin babbar sallah, na kira har kunya ta kama ni, amma su ne kan gaba wajen cewa a haska kaza. Wasu ma a WhatsApp kawai muke ganin sunansu. Ranar Nosferatu kuwa, waɗanda suka ɗauko kujeru su ne dai suka share wurin.

Littafin kuɗi na hannuna ga mai son dubawa. Duk wanda ake bi ya zo da nasa taro mai zuwa, don mu fara tara na majigin kanmu.

Sakataren Kuɗi